Sunansu a Jaridar Alhamis

Tun kafin rana ta leƙo ta bayan dutse Verlin Napier ya gama wanke akori-kurarsa, har da tayoyi. Ya shiga ɗaki ya sa farar rigar da ya saya don jana'izar mahaifiyarsa, wadda bai sake sawa ba tun ranar, ya tsaya gaban madubi yana lallaɓa 'yan gashin da suka rage masa. Shekararsa sittin da uku. Talatin da ɗaya daga ciki ya yi su ne yana tuƙa motar 'yan makaranta, ya hau wannan kwari ya sauka wancan a lungunmu na gabashin Kentucky, kuma bai taɓa aure ba. To yau Litinin, tsakiyar watan Mayu, zai je ofishin magatakardar gunduma karɓar takardar izinin aure.

Matar kuwa Glenna Slone ce. Ajinsu ɗaya tun firamare, kuma tun lokacin yake sonta, sai dai bakinsa ya yi nauyi, Doyle Slone ya riga shi. Doyle ya yi aikin ramin kwal har ƙura ta cinye masa huhu, yau shekara shida da rasuwarsa. Verlin ya bari aka shekara biyu kafin ya fara zuwa yana gyara mata famfo, yana yanke mata ciyawa. Sannan ya ƙara wasu huɗu yana cin abincin Lahadi a teburinta kafin maganar ta fito. Da ta fito ɗin ma, rabi ya faɗa, ita ta ƙarasa masa.

Ya same ta a baranda cikin shuɗiyar rigarta ta zuwa coci, jaka a cinya. Ta shiga, suka kama hanya, rafi na bin su ta hannun dama.

"Ni dai har yanzu gani nake da mun haye dutse mun je gundumar maƙwabta," in ji ta. "Fasto Estill ya ce takardar can ma tana aiki a nan."

"Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, a kan wannan hanyar mai karya ƙugu? Ga ofishinmu a bakin ƙofa. Kuma Arlene ba ta da surutu."

"Arlene ce ba ta da surutu? Verlin, ka ji tsoron Allah."

"To, tana da surutu. Gulma ce ba ta da ita."

Glenna ta yi 'yar dariya, sannan ta shiga murza hannun jakarta. Can ta ce, "Jarida fa? Da can suna buga sunayen waɗanda suka karɓi takarda."

"Ai sun daina," in ji shi, idonsa na kan titi. "Tun da tsohon mai jaridar ya rasu suka daina."

Ƙarya ce. Ba su daina ba, kuma babu wanda ya fi shi sani. Glenna ta bar buɗe jaridar mako tun ranar da ta ga hoton Doyle a shafin rasuwa. Shi kuwa Verlin, shekara arba'in ke nan duk Alhamis sai ya saya, ya wuce kai tsaye shafi na shida, ƙasan farashin shanu, inda ake jera sunaye biyu-biyu. Yaran da ya ɗauka a motarsa da majina a hanci duk ya ga sunayensu a wurin, har ya fara ganin na 'ya'yansu. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma yana so ya ga nasa, ko sau ɗaya, kusa da nata.

Abin da ya sa Glenna ke gudun jarida kuwa, tudun Slone ne. Maƙabartar gidan su Doyle ce, a saman gonarsu, kuma kowa ya san ƙa'idarta tun zamanin kakanni: ba a sa kowa a can sai ɗan gida ko matar ɗan gida. A can Doyle yake, ƙarƙashin faffaɗan dutse na mutum biyu. Ɓangare ɗaya sunansa, ɗaya ɓangaren an riga an sassaƙa Glenna Slone da shekarar haihuwarta, an bar sauran wurin fili. Daf da filin da aka bar mata akwai ɗan ƙaramin dutse da siffar ɗan rago a kansa. Rhonda ce, 'yarsu tilo, wadda sanƙarau ya ɗauke tana shekara bakwai. Tudun kuwa na hannun mahaifiyar Doyle, Mamaw Ida, wato Kaka Ida, mai shekara casa'in da ɗaya, idonta ya dushe amma bakinta na nan da kaifinsa. Glenna ta tsara abinta. Lahadin ƙarshen wata ce ranar gyaran kaburbura, dangi duka za su hau tudu da furanni da tukwanen abinci. Ranar ce kaɗai a shekara tsohuwar ke yin laushi. Bayan an ci an sha, za ta durƙusa gabanta ta gaya mata da bakinta, ta roƙe ta a bar mata wurinta kusa da 'yarta ko da ta yi aure. In ta yarda a gaban 'ya'yanta, magana ta ƙare. Asabar mai bi sai a ɗaura.

Ofishin na ƙasan ginin kotu. Doguwar kanta ɗaya ce, a nan ake sabunta takardun mota, a nan ake shigar da takardun fili, a nan ake neman aure. Sun zo da wuri, ba kowa sai Arlene Begley, mataimakiyar magatakarda, da kofinta na kofi da tabarau mai sarƙa a wuya. 'Ya'yanta biyu duk Verlin ne ya kai su makaranta har suka gama.

"Verlin Napier," in ji ta, "takardun motarka sai Oktoba za su ƙare. Me ka zo yi mini da farar riga kamar mai shiga gaban alƙali?"

Ya cire hula. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi kalandar bango.

"Aure muka zo nema, Arlene," in ji Glenna. "In kika jira shi sai an tashi ofis bai faɗa ba."

Arlene ta dire kofin har ya fantsala. "Ubangiji mai iko! Tuzurun gunduma ya faɗi! Miss Glenna, me kika sa masa a wake?"

"Gishiri da haƙuri."

"Ni dai a bar mini hawa ɗaya na kek ɗin tuffa na biki, ni zan gasa shi. Ku matso, ku matso, kafin ya tuna ya bar wani abu a wuta."

Ta jawo na'urar kwamfuta ta fara tambaya tana bugawa. Sunan mahaifi. Sunan gidan su mahaifiya kafin ta yi aure. Inda aka haife shi. Duk ta san amsoshin, amma sai ta ji daga bakinsa.

"Sana'a?"

"Na yi ritaya."

"Sai in rubuta mai yanke ciyawar Miss Glenna. Aure na nawa?"

"Na farko."

"Shekara sittin da uku, na farko. Bari mu gani ko na'urar za ta yarda." Ta danna. "Ta yarda. Ita ma ta tausaya maka."

Da ta juyo kan Glenna sai muryarta ta sauka. "Na biyu," ta faɗa da kanta, ba ta tambaya ba. Inda ake cewa yaya na farkon ya ƙare, ta buga rasuwa, ba ta ɗago kai ba. Arlene ta yi gyaran murya.

"Akwai dangantakar jini tsakaninku?"

"A gundumar nan wa ba ɗan uwan wani ba ne?" in ji Verlin. "In aka tona, ke ma sai na ci gadonki."

"Iye, ashe yana magana! Na kusa-kusa doka take nufi, sarkin wayo. Babu ko? Babu."

Sai aka zo wajen karantawa kafin sa hannu. Glenna ta laluba jaka ba ta ga tabaranta ba, ta ce ta bar shi a mota, ta karɓi makulli ta fita. Ƙofa na rufuwa Arlene ta kwanto kan kanta.

"Miss Ida ta sani?"

"Za a gaya mata. Ranar gyaran kaburbura."

"Verlin, yarinyar jarida tana zuwa nan duk Laraba ta kwashe sunaye daga littafin can. Littafin jama'a ne, ba ni da ikon ɓoye shafi ko da na uwata ne. Alhamis kowa zai gani." Ta nuna na'urar da ɗan yatsa. "Ban shigar ba tukuna. In ka ce in goge, yanzu zan goge. Ku haye dutse, can babu wanda ya san wani Slone."

Ya dubi littafin. Ƙato ne, mai jan bango, a kan teburin da ke bayanta, gefensa ya yi baƙi don yawan hannu. Sunan ubansa da uwarsa na cikin wani littafin irinsa a ɗakin ajiya. Ya ce a ransa tsohuwar ai ba ta gani, balle ta karanta shafi na shida. Ya ce a ransa ƙananan baƙaƙe ne, wa ke kula da su in ba shi ba. Ta taga ya hango Glenna ta sunkuya cikin mota tana lalube.

"Shigar," in ji shi.

"Miss Glenna ta san da haka?"

"Ta sani."

Arlene ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe. Sannan ta danna.

Glenna ta dawo, ta karanta layi-layi da yatsa. Suka ɗaga hannun dama suka rantse cewa duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Suka sa hannu. Arlene ta buga hatimi ta zura takardar a ambulan.

"Kwana talatin take rayuwa," in ji ta. "Fasto ya sa hannu, shaidu biyu su sa, ya dawo mini da ita. In ta wuce talatin ta mutu. Kar ka sa ta a firam ka rataye, Verlin, mutanen kwarinku sun iya wannan."

Ranar Alhamis tun ƙarfe bakwai yana gidan mai. Ya sayi jarida, ya koma mota, ya rufe ƙofa. Shafi na shida, ƙasan farashin shanu. Glenna Faye Slone, 62, da Verlin Napier, 63. Layi ɗaya da rabi. Ya karanta, ya sake karantawa, ya cire tabarau ya goge ya sake. Sannan ya fito da 'yar wuƙarsa ya yanke wurin a hankali, ya soke shi a bayan abin tare rana na saman gilashi. Wani da ya taɓa ɗauka a motar makaranta ya wuce ya danna masa ham, ya ɗaga babban yatsa. Mai sayar da mai ya leƙo ya ce, "Ango, ka sha ƙamshi!" Verlin ya zauna a nan wajen awa guda, ba abin da yake yi, yana jin daɗi kawai. Ita ce awa ɗaya tak da abin ya ba shi.

Wayarsa ta yi ƙara. Glenna ce, muryarta a daidai, kamar mai karanta lissafin cefane. "Zo ka kai ni gidan Mamaw."

Ya je ya ɗauke ta, suka tafi.

Mamaw Ida na baranda a kujerar lilo, tana naɗa furannin takarda na ranar gyaran kaburbura, ja da rawaya, yatsunta na yi ba sai da ido ba. 'Ya'yanta maza biyu da suka rage na tsaye jikin ginshiƙi, su ma duk sun yi furfura, suna kallon ƙasa.

"Mamaw," in ji Glenna, ta durƙusa kusa da kujerar.

"Wa ke nan tare da ke? Direban ne?"

"Ni ne, Miss Ida. Barka da hantsi."

"Na san muryarka. Kai ka taɓa barin jikana a bakin gada cikin ruwan sama." Ta ci gaba da naɗi. "Ƙarfe takwas matar mai gidan shirya gawa ta bugo mini waya. Wai tana taya ni murna. Ta karanta mini, har da shekaru. Kafin tara mutum biyar sun bugo. Shekara arba'in da ɗaya kina ce mini Mamaw, Glenna. Ni na wanke ki ranar da kika haihu. Ni na riƙe ki ranar da muka hau da yarinyar nan tudu. Sai matar mai gidan gawa ce za ta gaya mini."

"Ranar gyaran kaburbura na so in gaya miki, Mamaw. Da bakina. Allah ya sani."

"Da kin zo da bakinki, da ban san abin da zan ce ba. Wataƙila da na yi kuka na ce ki je, wurinki na nan. Wataƙila. Ban sani ba, ba a ba ni damar in sani ba." Ta ajiye furen a kwando. "Ban hana ki aure ba. Mutumin kirki ne, ko da yake ba shi da baki. Amma na faɗa wa yaran nan, ga su nan sun ji: matar Napier ba za ta kwanta gefen ɗana ba."

"Miss Ida," in ji Verlin, "ba sai ta canza suna ba. Ta zauna a Slone ɗinta. Dutsen ma ba sai an taɓa shi ba."

"Kai, direba, ni ba suna nake binnewa ba."

"Laifina ne. Ita ta ce mu haye dutse, ni na…"

"Ban tambaye ka ba. Kuma ni ban iya lashe magana ba, tambayi waɗannan." Ta laluba ta ɗauki wata takardar. "Glenna, Lahadin gyara ki zo da burodin masararki. Na matar ɗana Harlan kamar bulo yake."

Da Lahadin ƙarshen wata ta zo, Verlin bai hau tudun ba. Ya kai ta har bakin shinge, ya miƙa mata tukunya da bokiti da buroshi, ya koma ya zauna a mota ƙarƙashin wata bishiya. Daga nan ana ganin komai. Maza na yanke ciyawa, mata na jera furanni, an shimfiɗa katakai a kan jarkoki an cika su da soyayyar kaza da wake da dankali. Aka yi waƙoƙin coci, muryoyin na saukowa gangare a hankali. Ya ga Glenna ta wanke ɓangaren Doyle. Ta wanke ɗan ragon, har cikin kunnuwansa. Sannan ta tsaya gaban nata sunan da buroshi a hannu, ta daɗe a tsaye. Ta durƙusa ta wanke shi ma, harafi-harafi.

Ya san yarinyar, Rhonda. Shekara biyu ya ɗauke ta, kujera ta biyu bayan direba, gefen taga. Haƙoranta biyu na gaba sun faɗi a lokacin, tana ce masa Mista Berlin. Safiyar Litinin ɗin da ya tsaya a bakin hanyarsu ya buɗe ƙofa ba wanda ya fito, ya yi minti biyar yana jira, yara na ihu a baya, bai san tana asibiti ba.

Da la'asar Glenna ta sauko da tukunya ba komai a ciki. Ta shiga ta zauna. Bai tayar da mota ba.

"Ƙarya na yi miki," in ji shi. "Ba su daina bugawa ba. Na sani. Arlene ma ta ce za ta goge mu je can, na ce ta shigar."

"Na sani, Verlin."

"Tun yaushe?"

"Tun Alhamis da ka zo ɗaukata. Ga ta nan a saman kanka, gefenta ya leƙo." Ta ɗaga hannu ta tura 'yar takardar ciki da yatsa. "Me ya sa?"

"So na yi in gani."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. "To, ka gani. Asabar na nan. Na ɗaga hannu na rantse, Fasto Estill ya sa mu a littafinsa. Za a yi."

"Ba za a yi ba. Ba zan kai ki gaban fasto ba."

Sai a nan ta juyo, idonta ya kaɗa. "Ka ga halinka ko? A ofis ka yanke mini hukunci ina waje ina neman tabarau. Yanzu ma ka yanke mini ina kan tudu. Shekara arba'in ba ka iya magana ba, da ka iya kuma sai ka riƙa yi a madadina. Ni yarinyar motarka ce, da za ka ce mini ga inda zan sauka?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya buɗe aljihun mota ya ciro ambulan ɗin, ya ɗora mata a cinya.

"Gaskiyarki. Ga ta. Saura kwana goma sha bakwai. In kin ce Asabar, Asabar. In kin ce wata rana, wata rana. Ba zan sake cewa komai ba."

"Wannan kam ka iya," in ji ta, ta sa ambulan ɗin a jaka.

Asabar ta zo ta wuce, ta ce wa fasto a ɗan dakata. Verlin ya ci gaba da zuwa yanke ciyawa. Ya ci abincin Lahadi, sau biyu, sun yi hirar tumatir da ƙwarin dankali. Ambulan ɗin na kan firiji ƙarƙashin kwanon sukari, duk wanda ya shiga kicin sai ya gan shi, ba wanda ya taɓa. Ta je wajen Mamaw Ida sau ɗaya ita kaɗai. Da ta dawo bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba, amma ya ga ta daɗe a bakin famfo tana wanke kofi ɗaya.

Ranar kwana na talatin, Laraba, ta bugo masa da safe ta ce ya zo da mota. Ya same ta a baranda cikin shuɗiyar rigar nan. Zuciyarsa ta buga, don gidan fasto da ginin kotu hanya ɗaya ce har sai an kai gada. Ta shiga, ambulan a hannu. Suka tafi, rafi na bin su. Da suka kusa gadar ya rage gudu, ya rage, har motar ta kusa tsayawa.

"Rhonda ba ta yarda ta kwana ita kaɗai," in ji Glenna, tana kallon ruwa. "Har ta kai bakwai ɗin nan, sai na kwanta gefenta ta riƙe mini ɗan yatsa. A asibiti na ce mata ina nan zuwa, in je in sha ruwa in dawo." Ta murza ambulan ɗin. "Na gwada, Verlin. Kwana goma sha bakwai ina gwadawa. Na ce ƙasa ce kawai, ƙashi ne kawai, fasto ma haka ya ce. Na kasa."

"To," in ji shi. Ya kunna sigina, ko da yake ba kowa a bayansu, ya karya hagu, hanyar ginin kotu.

Yau ofishin da mutane, layin masu takardun mota har ƙofa. Suka tsaya a layi kamar kowa. Da suka iso kanta Arlene ta dube su, ta dubi ambulan ɗin, ta buɗe ta ga wurin sa hannun fasto fari fat. Ba ta yi wasa ko ɗaya ba.

"Ba sai kun dawo da ita ba," in ji ta a hankali. "Da kanta take mutuwa. Balle ku zo ku biyu."

"Mu biyu muka karɓa," in ji Glenna.

"Ina so a rubuta a littafi," in ji Verlin. "A rubuta ba a yi ba. Yarinyar jarida in ta zo yau, ta gani ta buga."

"Zan rubuta. Amma ba sa buga wannan, Verlin. Na karɓa kaɗai suke bugawa."

"To yaya Miss Ida za ta sani?"

"Ni zan gaya mata," in ji Glenna. "Da bakina."

Arlene ta ɗauko jan littafin da hannu biyu, ta buɗe shafinsu, ta yi ɗan rubutu a gefe, ta sa kwanan wata. Verlin ya miƙa wuya ya ga sunayen nan biyu, nasa da nata, da ɗan rubutun a gefensu. Ta rufe. Mutumin da ke bayansu ya matso da takardun tirelarsa.

A ƙofar gidanta ta sauka, ta riƙe murfin motar ba ta rufe ba.

"Lahadi akwai wake," in ji ta. "Ka zo da wuri, famfon bayan gida ya fara ɗiga."

"Zan zo da sifana."

Ta rufe ta shiga. Ya jira har ya ga labulen kicin ya motsa, sannan ya juya mota. Rana ta riga ta dawo gabansa tana dukan ido. Ya kai hannu zai sauke abin tare rana, sai ya tuna abin da ke soke a bayansa. Ya mayar da hannun kan sitiyari, ya ƙanƙance ido, ya tafi gida a haka.